Shatin Ruwa a Jikin Farin Jirgi

Na ji ku ranar sunan 'yar Hadiza. Kuna zaune a tsakar gida kuna ba surukanku labari, wai an zalunci babanku a wurin aiki, wai hassada aka yi masa har aka raba shi da gidan gwamnati. Ina ɗaki ina jin ku, ban tanka ba saboda baƙi. To yanzu baƙi sun watse, ni kuma na ɗauki biro. Ba wanda ya zalunci babanku. Wanda aka so a zalunta daban ne, kuma da hannuna a ciki, wannan hannun da ya tuƙa muku tuwo kuka girma. Ku karanta a tsanake, kada wani ya tsallake zuwa ƙarshe irin yadda kuke yi wa wasiƙa.

A lokacin muna zaune a gidajen ma'aikata da ke gefen Badarawa, ɗaki biyu da falo, ga famfo a tsakar gida, ga bishiyar mangwaro. Ba a daɗe da daina lissafi da fam da sule ba. Babanku yana aiki a ofishin da ke auna ruwan kogi, su ne masu sanin ko kogin Kaduna ya ƙaru da taƙi ɗaya ko ya ragu. Shi ke riƙe da jirgin ofis. Jirgin nan ba irin kwale-kwalen itace ba ne da muka saba gani, fari ne fat, mai santsi kamar cikin sabuwar langa, da inji a bayansa. Faiba suke ce masa. Babanku ya ce da zaren gilashi da wani irin danƙo ake yin sa, na ce to, Turawa dai ba sa rasa abin yi. Yana ji da jirgin nan ƙwarai. Idan ya dawo gida ya fara ba ni labarinsa, har sai na ce masa, Malam, tuwonka zai huce. Akwai wani koren tamfal mai kauri da ake lulluɓe shi da shi in an tashi aiki, a ɗaure shi da sarƙa a sa kwaɗo, mabuɗin kuma a aljihun babanku yake kwana.

Mai gadin bakin ruwan wani dattijo ne Banufe, Baba Ndagi, mai ɗingishi da ƙafar hagu. A kan ruwa ya tashi tun yana yaro, amma dokar ofis ta ce mai gadi ba ya taka jirgi, kuma bai taɓa takawa ba. Yakan zo gidanmu jefi-jefi ya gaishe mu, ya kira ni 'yata, in ba shi fura.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi bayan shekarun fari. Da marka ta kankama, sai soron ɗakin mahaifina, kakanku Alaramma, a Unguwar Kanawa ya fara yoyo. Ba kowane ɗaki ba ne kuwa, ɗakin da yake rubuta Alƙur'ani da ka ne, na ukun da zai rubuta a rayuwarsa, kuma ya wuce rabi. Babanku ya je gaishe shi ya tarar an jera tasoshi ana tarar ruwa, tsohon yana takure a lungu ya rungume gafaka a ƙirji. Ba wanda ya roƙe shi komai. Ya fita ya nufi bakin kogi, ya yaye tamfal ɗin jirgi, ya kawo aka shimfiɗa a kan soro aka danne da duwatsu. Da ya dawo gida ya ce min:

"Kwana biyu ne kawai, kafin a samu magini ya yaɓe wurin."

Washegari aka tura shi rangadi can gaba, duba ma'aunan ruwa na ƙauyuka. Kwana uku aka ce. Ruwa ya cinye hanya a bayansu, sai da suka yi kwana goma sha biyu. Magini kuwa ya ce ba ya hawa soro ana wannan ruwa.

A rana ta huɗu na ji sallama a ƙofa. Baba Ndagi ne, ya jiƙe sharkaf. Na tsaya a bayan ƙyaure muka gaisa.

"'Yata, Malam yana nan?"

"Ya yi tafiya, Baba."

"To jirgi ba rufi, yana shan ruwan sama. Bayansa ya fara nutsewa, wajen inji. Ni ba ni da izinin shiga, ga kogi ya cinye matakala, ƙafata ba za ta kai ni ba. A mayar da tamfal, ko a sanar da ofis."

Na ce to, Baba, an gode. Na ce to, amma ban yi ko ɗaya ba. In na sa a cire tamfal, aikin mahaifina na shekara biyu zai narke ya zama ruwan tawada. In na aika ofis, na tona wa mijina asiri da bakina. Sai na ce wa raina gobe zai dawo, jirgi ai don ruwa aka yi shi, me ruwa zai yi masa? A rana ta takwas tsohon ya sake zuwa. Wannan karon na yi lamo a ɗaki kamar ba kowa a gidan. Ya yi sallama sau uku, ina jin sa, ina jin ruwa yana dukan kwanon rufi. Daga nan na ji jan ƙafarsa yana tafiya. Shekaruna ashirin da huɗu a lokacin, ba yarinya ba ce ni, kada ma ku nema min wannan uzurin.

Da babanku ya dawo, ko gida bai zauna ba. Ya je ya kwashe ruwan da ke cikin jirgi, ya karɓo tamfal ya mayar, sama kuma ta ɗan lafa aka yaɓe soro. Amma inji ya ƙi tashi, ruwa ya shiga cikinsa ya kwana ya yini. Da magana ta kai ga shugabansu, bai wani tsaya bincike ba. Ya ce ai a bayyane take: mai gadi mutumin ruwa ne, ya ga ba kowa, ya samu yadda ya buɗe kwaɗo yana fita da jirgi yana ƙetarar da mutane, har ya tsoma injin a kogi. Aka dakatar da Baba Ndagi daga aiki, aka ce a jira injiniyan kamfanin da ya sayar da jirgin ya zo ya duba, daga nan a kore shi da takardar rashin amana. Tsohon bai ambaci tamfal ba ko sau ɗaya. Babanku ma bai ambata ba. Yana dai cewa maganar za ta mutu da kanta, amma abinci ya daina shiga masa, kwanon da na kai haka nake ɗauko shi.

Da ruwa ya janye aka fito da jirgin, aka ɗora shi a kan tirela, motar ofis ta jawo shi har tsakar gidanmu, don mu ke da famfo da fili. Aka ajiye shi a ƙarƙashin mangwaro. Shugaban ya ce abin kunya ne baƙo ya gan shi haka, a wanke shi ya koma fari kafin Litinin. Ranar na fara ganin jirgin nan da idona. Daga sama fari, amma daga inda ruwa yake tsayawa zuwa ƙasa ya yi wata irin kanta ja-ja, kalar shayin da ya daɗe a kofi, da gansakuka busasshiya a manne.

Babanku ya tuɓe riga ya fara da sabulu da soso. Laka ta fita, gansakuka ta fita, kanta ta ce tana nan. Ya ƙara garin sabulu, ko gezau. Ina kicin sai na ji wani ƙara, ƙarr, ƙarr. Na leƙo na gan shi da yashi da soson ƙarfe, yana dirza iya ƙarfinsa yadda muke yi wa gindin tukunya. Inda ya dirza, faɗin tafin hannu, jan ya ragu, amma santsin ya tafi, wurin ya dushe ya yi kaushi.

"Haba Malam," na ce, "tukunyar tuwo ka samu? Ka taɓa ganin na sa wa langata yashi?"

"To me zan sa? Ke kin san jirgi ne?"

"Ban san jirgi ba, amma na san tsatsa. Matsa."

Na yanko lemon tsami na matsa a wani ɗan wuri, na dafe shi da ɓawon, muka tsaya muna kallo kamar masu jiran wata. Da na ɗaga na goge, sai ga fari ya fito, da santsinsa da komai. Babanku ya dube ni ya dubi wurin, ya ce ikon Allah. Ni kuwa har da ɗan fari da ido, ina jin kaina.

Ga yadda muka yi, ko wata rana wani cikinku zai buƙata, tunda na ga ku komai sai an sayo muku a kwalba. Na jiƙa tsamiya mai yawa a babbar roba, na dama ta ta yi kauri na tace, na matse lemon tsami kwando guda a ciki. Na yayyaga tsofaffin zannuwana, mu tsoma tsumma ya sha sosai, mu manna shi a jikin jirgi a bi layin kantar. Ba a yi a rana, don in ya bushe aikin banza ne, sai a inuwa, ana yi ana yayyafa masa ruwan tsamin. A bar shi kamar tsawon dahuwar shinkafa, a ɗaga, a goge da soso mai laushi, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Inda ta yi taurin kai a sake, har sau uku. Ba dirza, ba toka, ba yashi, tsamin ne ke aikin, kai naka haƙuri. In ya bushe a shafa masa man goge mota a murza da tsumma, don ya toshe ƙofofin da kanta ke shiga. Hannuwana sun yi zafi, duk inda na taɓa yankewa da wuƙa sai da ya tuna min, amma wallahi na ji daɗin aikin. Ban taɓa yin aiki kafaɗa da kafaɗa da babanku ba sai a kwanakin nan.

Da muka cinye kantar ƙasa, sai wani abu ya fito fili. Ashe layi biyu ne. Na ƙasa miƙaƙƙe ne daga gaba har baya, inda ruwa yake tsayawa kullum. Na biyun kuwa a karkace yake: ya taso daga wajen gaba ƙasa-ƙasa, yana hawa yana hawa, har ya ƙure a baya, sama da inda ake ɗaura inji. Siriri ne, amma a fili kamar an ja shi da alƙalami. Na lura duk sanda na kai tsumma wajensa sai babanku ya ce a bari tukuna, a gama ƙasa.

Ranar Alhamis da la'asar Baba Ndagi ya zo. Ya rame. Suka gaisa da babanku, na kawo ruwa na koma bakin ƙofar kicin. Ya zagaya jirgin a hankali da ɗingishinsa, ya yaba aikin, ya tambayi me aka sa, aka gaya masa ya yi dariya. Sai ya ɗora yatsa a kan karkataccen layin, ya bi shi tun daga gaba har baya.

"Jirgin da ake yawo da shi ba ya yin wannan," in ji shi. "Wannan na jirgin da ya kwanta wuri ɗaya ne kwana da kwanaki, da ruwa a cikinsa. Duk wanda ya san ruwa, kallo ɗaya zai yi masa."

Babanku ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ci gaba:

"Malam, ku wanke shi. Na san inda tamfal ya je, littafin Allah ya rufe. Ni na tsufa, in sun kore ni gida zan koma. Kai kana da iyali ƙanana."

"Su ce maka ɓarawo, Baba?" in ji babanku.

Tsohon ya ce:

"Wannan ɗin ne dai da ɗaci. Shekara goma sha tara ko igiya ba ta ɓata a hannuna ba."

Bai dube ni ba, bai ce ya zo sau biyu ba. Ya sha ruwansa ya tafi.

Na kwana ina lissafin famfo, da wutar lantarki, da makarantar da yayanku zai shiga, da cikin Hadiza da nake ɗauke da shi wata biyar. Na ce ai shi da kansa ya ce a wanke. Ranar Juma'a babanku ya sa fararen kaya ya tafi masallaci. Yana fita na jawo robar tsamiya. Na manna tsummokara a kan karkataccen layin na gefen hagu, tun daga gaba har baya, na tsaya ina yayyafi ina leƙen ƙofa. Sau biyu na yi masa, ya fita tas, ko alama babu. Na ɗauki roba na zagaya gefen dama, na tsoma tsumma na farko ke nan sai na ji sallamarsa.

Ya tsaya da dardumarsa a kafaɗa. Ya dubi gefen hagu ya daɗe yana kallo. Ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Rakiya, ajiye tsumman nan."

"Malam, cewa aka yi a wanke jirgi. Umarnin ofis ne."

"Ajiye."

Sai na fashe. Na ce ina za mu je? Na ce mahaifina ka taimaka, ba sata ka yi ba, don me za mu biya? Na ce tsohon ya yafe, da kunnenka ka ji. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan rubuta su ba. Yana tsaye yana saurare. Da na rasa abin faɗa, sai gaskiyar ta kuɓuce min, na ce masa Baba Ndagi ya zo sau biyu lokacin da shi yake can rangadi, na farko na ce to, na biyu na ɓuya. Na ɗauka zai yi faɗa, har na fi so ya yi. Sai ya zauna a kan ƙarfen tirela da fararen kayansa, ya ce:

"Ya zo sau biyu cikin ruwan nan da ƙafar nan tasa, kuma jiya bai faɗa ba?"

Na ce bai faɗa ba.

"To ni na yi wata biyu ina neman ƙarfin zuciyar da zan yi magana ban samu ba. A masallaci ma yau ban gama yanke shawara ba. Yanzu na gama. Ki zubar da ruwan tsamin nan."

Na zubar da shi a gindin mangwaro, ina kuka ina jin haushinsa, ina jin haushin tsohon, na fi jin haushin kaina.

Ranar Litinin aka ja jirgin zuwa ofis, gefe ɗaya fari sol, ɗaya gefen da jan layi a karkace. Ban je ba, shi ya ba ni labari, kuma a taƙaice ya bayar. Shugaban ya fara faɗa wai an bar aiki rabi. Babanku ya kama hannun injiniya ya kai shi gefen dama ya nuna masa layin, sannan ya faɗi komai a gaban kowa, tun daga soron Alaramma har zuwa kwashe ruwa. Abu ɗaya ya ɓoye, bai ambaci sunana ba. Injiniya ya tsuguna ya duba ya ce haka ne, wannan jirgi a ɗaure ya sha ruwa. Aka mayar da Baba Ndagi bakin aikinsa a satin. Babanku kuwa aka karɓe mabuɗin jirgi, aka rage masa matsayi, aka mayar da shi sito yana ƙirga fatanya da bokitai. Gidan na masu matsayinsa na da ne, don haka aka ba mu wata ɗaya mu tashi. Haka muka koma Rafin Guza, ɗaki biyu a gidan haya, rijiya ɗaya mu gida shida. A nan aka haifi Hadiza. Bai sake hawa jirgi ba har ya yi ritaya, kuma in mun bi ta gada a mota yakan juya kai ya kalli ruwa har mu wuce.

Ba zan ce muku ban ji zafi ba. Na yi shekara ina ja masa guga da fushi. Alaramma ya gama rubutunsa kafin azumi, shi ne wanda ke cikin gafakar fata a ɗakin yayanku, wanda kuke ɗauka da alwala kuna nuna wa baƙi. Bai taɓa sanin abin da rufin nan ya ci ba, babanku ya hana a gaya masa. Ni ma bai taɓa goranta min ba. Sai dai in kwano ya yi tsatsa a gidan, yakan ce muku, ku kai wa uwarku, ita ce gwana, ku yi ta dariya ba ku san komai ba. Har ya rasu ban gane ko tsokana ce kawai ba, ban kuma tambaya ba.

Baba Ndagi ya zo barka da aka haifi Hadiza, ya nemo gidan da tambaya har Rafin Guza. Babanku ya fita sayo goro, ya rage daga ni sai shi, ina daga cikin ɗaki yana bakin ƙofa a kan tabarma. Na tattaro duk ƙarfina na ce:

"Baba, ranar da ka zo na biyu, ina ciki."

"Na sani, 'yata. Na ga takalmanki a bakin ƙofa, ga hayaƙi yana tashi a kicin."

"Gefen hagun ma ni na wanke."

"Shi ma na sani. Malam da yashi yake wanki, wannan kuwa aikin mai hankali ne." Ya yi 'yar dariya. "Allah dai ya taimake mu huɗubar ranar ba ta yi tsawo ba."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe tun a ƙofar, ya miƙo hannu na ba shi jaririya ya yi mata addu'a.

To kun ji. Daga yau kada in ƙara jin wani ya ce an zalunci babanku, kuna rage masa abin da ya fi kowane abu tsada a rayuwarsa. Laifi ya yi, ya kai kansa, ya biya. In surukanku sun sake tambaya me ya fitar da mu daga Badarawa, ku ce musu jirgi aka ba mu mu wanke, uwarku ta wanke gefe ɗaya, babanku ya dawo daga masallaci ya hana ta ɗayan.